Naftun a Bayan Tirela

Wata Laraba na shiga Kasuwar Shanu da sabuwar shaddata fara ƙal, na ga duk inda na gifta mutane suna murmushi. Ni kuma Allah Ya yi ni da son yabo, sai na ƙara karkata hula ina ɗaga hannu kamar ɗan takara. Mahauta suka gaishe ni da fara'ar da ban saba gani ba. Wani da muka daɗe ba ma ga maciji a kan cinikin bijimi ya biyo ni yana cewa, "Umara, yau ka yi kyau, musamman ta baya." Na ce na gode, Allah Ya bar zumunci. Sai bayan azahar mai shayi ya ja ni gefe ya ce in cire rigar in duba. Shuɗiyar ƙwallo ce mai faɗin faranti, zaune daram a daidai mazaunaina, da ɗan farin ɗigo a gefenta. Da safe na jingina da ƙyauren bayan wata tirela da aka sauke aka kafa a jikin bango, ina amsa waya. Ashe fentin bai bushe ba.

Ba sai an gaya mini aikin waye ba. Duk wanda ya san tirelolin Potiskum ya san ƙwallon nan, ya kuma san Bakari mai fenti. Na naɗe rigar a hammata, daga ni sai singileti, na nufi rumfarsa ina masifa tun daga bakin gareji.

"Bafillace! Fito ka ga ɓarnar da ka yi!"

Yana tsugune yana wanke buroshi. Ya ɗago ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce, "Wa ya ce ka goge mini aiki da gindinka? Yanzu sai na sake."

Ni dillalin shanu ne, Babarbare, kakana daga Borno ya zo garin nan da fatauci. Bakari kuwa Bafillace ne, saboda haka tsakaninmu babu laifi, duk abin da na faɗa masa halal ne, duk abin da ya mayar mini sai haƙuri. Kullum ina gaya masa shi kaɗai ne Bafillacen da ya yi shanu dubu bai taɓa tatsar ko ɗaya ba, don duk a jikin ƙarfe suke. Dogo ne siriri, ya girme ni nesa, yatsunsa an daɗe da manta ainihin launinsu. Ya zana zakoki bai taɓa ganin zaki ba, ya zana jiragen ruwa bai taɓa wuce Gombe ba. Tun da matarsa Raudatu ta rasu yake zaune a ɗaki guda a Bolewa. Ba ya zama majalisa. Abincinsa daga wurin mai tuwo ake kawo masa a rumfa, ya juya baya ya ci yana fuskantar gwangwanayen fenti, ya wanke kwanon da kansa. In an tashi kasuwa ya kulle rumfa da wata tsohuwar waya da yake murɗawa, ya bi gefen titi ya tafi, ba ya jiran kowa, babu mai jiransa.

Kowace tirela ya yi wa ado, in ya gama da zaki da mikiya da dabino da hasumiyar masallaci, sai ya sauko can kusurwar ƙasa ta hagu ya ɗora shuɗiyar ƙwallo da farin ɗigonta. Ba a sa shi, ba ya tambaya. In direba ya ce mece ce wannan, sai ya ce, "Naftun ce," ya ci gaba da aikinsa. Direbobi kuma ba sa son a ga kamar ba su sani ba, sai su gyaɗa kai. Wasu sun ɗauka kalma ce daga cikin wata addu'a. Da birkin motar wani direba, Auwal, ya tsinke a wata gangara a hanyar Kudu, motar ta kwanta a kan yashi, shi da shanu duk suka fita lafiya, sai magana ta bazu cewa ƙwallon Bakari tsari ce. Daga nan direba ba ya tada mota sai ya zaga baya ya ɗan dafa ta, yadda muke dafa tozon sa in ciniki ya faɗa.

Ni ma abin da na sani ke nan har ranar rigar. Bakari ya ce in zauna zai cire fentin da fetur. Ba ni da halin komawa kasuwa da singileti, dillali da tumbi a waje wa zai ba shi amanar saniya? Dole na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ina zaune na ce, "Wai kai wannan layar taka, wane boka ya ba ka?"

Ya daɗe yana murza rigar. Can ya ce, "Ka san makarantar nan ta bayan gidan burodi a unguwarmu?"

Shekarun baya, kafin rikici, makarantar ta kira shi ya zana musu rana da duniyoyin da ke zagaye ta a katangar gaba. Malamin kimiyya, Malam Sharfaddeen, ya ba shi hoto a littafi, ya ce guda takwas ne, a da tara ne amma ba a daɗe ba da aka sallami ta ƙarshen daga aiki saboda ƙanƙanta. Sai aka tura Malam taron bita Damaturu, ya bar Bakari da katanga.

To mai fentin mota ba ya awo. Daga zaki yake farawa, ya ba shi duk girman da ya kamace shi, sauran dabbobi su nemi wuri a gefe. Haka Bakari ya yi wa rana. Ya yi ta ƙatuwa da geza ja da rawaya, ta cinye kusan rabin katangar. Sannan ya jero duniyoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace ya ba ta fili ta sha iska. Ya yi tamu, ya yi jar, ya yi babbar, ya yi mai zobe. Yana ɗora ta bakwai katanga ta ƙare. Ga ɗaya a hannu, ga shuɗin fenti ya riga ya haɗa. Sai kawai ya sha kwana, ya bi katangar ta baya, ya zana ta takwas ita kaɗai a bangon da ke kallon makewayin ɗalibai.

"Da Malam ya dawo," in ji Bakari, "ya ƙirga ya ga bakwai. Ya ce ina ɗaya? Na ce biyo ni. Da ya gan ta sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Hedimasta ya ce a goge a sake. Malam ya ce a bari, duk katangar nan babu gaskiya kamar wannan. Ya ce ai nisanta ya fi haka. Wai in kana can, rana kamar tauraro za ka gan ta, ga duhu ga sanyi, ga iska ba ta tsayawa."

A ranar Malam Sharfaddeen ya tsaya a bakin makewayi, da shi da Bakari da 'yan aji, ya ce sunanta Naftun, ya ba su labarinta. Bakari ya riƙe labarin nan kamar karatun allo, har yanzu in yana faɗa muryar Malam yake ɗauka. Wai sauran duniyoyin na kusa tun kakanni ake ganinsu da ido, malamai sun san su da sunayensu na Larabci. Ita wannan ido ba ya kai mata. Ba ganinta aka fara yi ba. Masu duban sama ne suka lura maƙwabciyarta, ta bakwai, ba ta tafiya daidai, wani lokaci ta yi gaggawa, wani lokaci ta ja baya, kamar saniyar da aka riƙe wa igiya daga cikin duhu. Sai wani Bafaranshe ya zauna da alƙalami ya yi ta lissafi, ya aika wa wasu a Jamus ya ce ku saita madubinku wuri kaza. Suka saita, suka same ta. Ba a yi wata guda ba wani Baturen Ingila ya hango babban watanta, wannan farin ɗigon. Tana da wasu watannin ƙanana, sun haura goma, amma shi wannan daban yake, duk inda uwar ta juya, shi ta ɗaya hannun yake zagayawa. Ita kuma kafin ta zagaye rana sau ɗaya sai ta yi shekara ɗari da sittin da biyar.

A cikin 'yan ajin akwai Zulkifli, ɗan Bakari, shi kaɗai Allah Ya raya masa. Yara suka sa masa ɗan mai Naftun. Ya dawo gida ransa a ɓace ya ce, "Baba, ka kai ta bayan katanga ita kaɗai, wa zai gan ta?" Bakari ya ce, "Duk wanda ya matsu zai gan ta." Raudatu ta yi dariya har ta ƙware. Daga nan ya zama abin wasansu a gida. In an ajiye wa wani tuwo a can gefe sai a ce an kai shi bayan katanga.

Bakari ya ɗaga rigata ya duba a rana, ya sake zuba fetur.

Sauran labarin duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun nan ya san irinsa. Dokar hana fita, an hana babur, saurayi in ya fita da safe uwarsa ba ta cin abinci sai ya dawo. Waɗancan na daji suna neman samari, waɗannan masu kaki ma suna neman samari. Zulkifli ya gama sakandare, ya kai ashirin ko kusa, yana zaune ba aiki. Bakari ya je ya roƙi Alhaji Dabo, mai tireloli, a ɗauki yaron a matsayin yaron mota a sauke shi Kudu wurin wani mai sayar da shanu, ya zauna can har ƙura ta lafa. Yaron ya ce ba ya zuwa. Uban ya rantse sai ya je. Da safen da za su tashi, yana saman bodi tsakanin ƙahonin shanu, bai yi sallama ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Ni ma ka kai ni bayan katanga ke nan."

Ya yi waya daga Anacha, ya sake yi daga Fatakwal, duka biyun da uwarsa ya yi magana. Sai aka yanke sabis a jihar nan na tsawon watanni. Da aka dawo da sabis ɗin lambar yaron ba ta shiga. Mai shanun ya ce ya bar wurinsa ya bi wasu 'yan gwari. 'Yan gwari suka ce sun rabu a wata tasha. Alhaji Dabo ya sa direbobinsa sun yi cigiya iya yinsu. Babu gawa, babu labari. Raudatu ta yi ta jira har ta kwanta, ba ta tashi ba.

"Tun daga nan nake sa ta," in ji Bakari. "Motocin nan babu garin da ba sa shiga a Kudu. In yana raye wata rana zai tsaya a bakin titi, ɗaya ta wuce."

"To sai me? Ya ga ƙwallo."

"Zai san wanda ya sha kwana ya zana ta bai manta tana can ba."

Na ce, "Ka san dai yana raye?"

Ya ce, "Ban gani ba. Amma tafiyata ba daidai take ba, Umara. Akwai abin da ke ja."

Na tambaye shi tsakanin ƙwallon da ɗigon wanne ne shi, wanne ne yaron. Ya ce ya danganta da ranar. Ya miƙo mini rigata tana warin fetur, da shatin shuɗi da bai fita ba har yau. Matata ta mai da ita tsumman goge tukunyar gas.

Bayan wannan na riƙa biyawa rumfarsa in an tashi kasuwa. Ba hira muke ba sosai. Ni nake magana, shi yana aiki, in na yi yawa ya ce Barebari dai ba a yi musu birki ba.

Abin ya lalace ne bara, da Ashraf ɗan Alhaji Dabo ya dawo daga jami'a aka sa shi kula da motoci. Yaro ne mai natsuwa, ba shi da raini. Ya ga direbobi suna dafa kusurwar ƙyaure kafin su tashi, ya tambayi Bakari, Bakari ya ce Naftun ce, shi kuma bai gyaɗa kai ya wuce ba, ya ciro waya ya duba. Washegari bayan la'asar Alhaji ya aika a kira Bakari. Ina zauren, don ni nake yi wa Alhaji dillanci. Kusan duk tirelolin da ke lodin Kudu daga karar nan nasa ne ko na 'yan'uwansa, saboda haka na san abin da ke kan faifai.

Alhaji ya ce, "Malam Bakari, ashe shekara da shekaru gunki kake zana mini a mota?"

"Alhaji, duniya ce. Allah ne Ya halicce ta kamar yadda Ya halicci tamu."

"Ashraf, karanta masa."

Ashraf ya ce duniya ce, gaskiya ne, amma sunan na wani abin bautar Rumawan da ne, wanda suka ce shi ke mulkin teku. Ya juyo wayar muka ga wani ƙato mai gemu ba riga, riƙe da mashi mai baki uku. Ya ce shi ma farin ɗigon sunansa Tiraitan, kuma a tatsuniyarsu ɗan wancan ne, rabinsa mutum rabinsa kifi.

"Kun ji," in ji Alhaji. "Gunki da ɗan gunki."

Na ga Bakari ya ɗago da aka ce ɗigon ɗan wancan ne. Wannan kam Malam Sharfaddeen bai gaya masa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gunkin teku me zai zo yi a Potiskum? Mu da ko kududdufi sai damina. Da ya zo da tuni ya bushe an kai shi layin 'yan banda, shi da ɗan nasa. Ita duniyar, baiwar Allah, laifinta ɗaya, an gano ta a inda babu liman, ba a yanka mata rago ba. A kira Malam ya raɗa mata Hajara mu huta."

Alhaji ya yi dariya har yana share ido. Sannan ya ce, "Umara, bakinka zai kai ka inda ƙafarka ba ta so. Ba sunan ne ya fi damuna ba. Shekaranjiya da idona na ga Auwal ya dafa abin nan ya shafa a fuska, sannan ya hau mota, ko bisimilla ban ji ba. Motata ce, ni za a tambaya. Ba zan ɗauki wannan in tsaya da shi gaban Allah ba. A goge duka."

Na buɗe baki, Bakari ya taka mini ƙafa. Amma ni in magana ta taso ko tirela ce ta taka ni sai ta fita. Na zayyana wa Alhaji komai, katangar makaranta, makewayi, abin da yaron ya faɗa a saman bodi. Ashraf ya kife wayarsa a cinya.

Alhaji ya ja carbinsa. Ya ce, "A motata ya tafi, ban manta ba. Malam Bakari, ka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a bayan kowace mota tawa, da cigiya, da lambarka. Na yarda. Amma ƙwallon nan a cire."

Bakari ya ce, "Alhaji, na gode. Saurayin da ya bar Yobe a shekarun nan, in ka rubuta sunansa a bayan mota kana yawo da shi a Kudu, ba ni zan fara samunsa ba. Shi ma in ya gani gudu zai ƙara. Lambata kuwa tana jikin kowace mota tun tuni, masu son allon shago ne kawai ke kira." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Zan goge. Maganarka a kan Auwal gaskiya ce. Ni ban zana don a shafa a fuska ba."

A waje na ce masa me ya sa bai roƙa ba, Alhaji yana da taushin zuciya, da mun ƙara matsawa da ya bari. Ya ce, "Ka riga ka yi tallan ɗana a zaure, kana so in yi bara da shi kuma?" Ya murɗa kai ya bi gefen titi. Sati biyu ban je rumfar ba.

Shi ya goge su da hannunsa. Duk tirelar da ta dawo daga Kudu, kafin a yi mata sabon lodi, sai ya zo da gwangwani ya tsuguna a kusurwar hagu. Ba ya yin aikin ganin dama, sai ya haɗa launin da ya yi daidai da na ƙyauren, ya shafe, ya bi da ganye ko fure, wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa yin wani abu a wurin ba. Direbobi suna tsaye suna kallo kamar ana binne wani. Auwal ya roƙe shi ya bar masa tasa ko a ƙarƙashin bodi ne inda Alhaji ba zai gani ba. Bakari ya ce, "Kai ka jawo, je ka koyi addu'ar hawa mota." Sauran masu motoci da suka ji gunki, su ma suka ce a cire. Wasu ma suka daina fenti gaba ɗaya, suka koma sitika da ake bugowa a kwamfuta, zaki iri ɗaya a mota goma. Kafin damina ta wuce na tsaya a bakin kara ranar Laraba ina kallon motoci suna fita a jere, babu shuɗi ko ɗaya.

Bakari kuwa ya rage. Tuwon ma rabi yake ci. Wata rana na same shi zaune ba aiki, yana juya fenti a gwangwani da tsinke. Ya ce Malam ya taɓa gaya masa farin ɗigon nan, duk da baya-baya yake tafiya, a hankali yana matsowa kusa da uwar. Na ce to yaushe zai iso? Ya ce Malam ya ce sai miliyoyin shekaru. Na ce ashe da sauran shan shayi. Bai yi dariya ba, ni ma da na ji abin a kunnena ban yi ba.

Ranar wata Asabar na bi ta Bolewa na leƙa makarantar. Malam Sharfaddeen ya daɗe da komawa garinsu. An sake fentin katangar gaba, rana da gezarta da duniyoyi bakwai duk sun tafi, an maye su da sunan makaranta da hoton yara masu jaka. Na ce wa maigadi na matsu. Na sha kwana. Tana nan. Masu sabon fenti ba su zagayo ba, wa zai ɓata fenti a bangon makewayi? Ta koɗe, siminti ya ɓare a gefenta, yara sun yi mata ido da baki da gawayi, wata akuya tana kwance a ƙarƙashinta tana tuƙa. Duk 'yan'uwanta an share su, ita da aka kai baya ita ta rage. Na daɗe a wurin har maigadi ya ƙwala mini kira ko lafiya.

Da na gaya wa Bakari ya ce ya sani. Duk Juma'a ta nan yake bi in ya taso masallaci.

Wadda ta kawo ɗan sauƙi ita ce Ya Fanna. Gwauruwa ce 'yar Ngojin, tana fataucin wake da busasshen barkono, tana da wata tsohuwar roka da mijinta ya bari. Motar nan ta girmi direbanta. Ba ta tafiya sai kaya sun cika, kaya kuma ba sa cika sai an ga dama, in ta tafi Fatakwal sai ta kwana a gareji uku a hanya. Labarin ya kai kunnenta, ba sai na faɗi ta bakin wa ba. Ta zo rumfar da kanta cikin lafaya, ta tsaya daga waje.

"Malam Bakari, motata tana son fenti. Zakin ka bar shi, ba na son abin da ke cin nama a kan wakena. Amma ƙwallon nan ka sa mini."

"Ya Fanna, ba ki ji an ce gunki ba ne?"

"Na ji. Direbana Muhammadu Sani ustazu ne, ko sitiyari ba ya taɓawa sai da bisimilla, ba zai shafa komai a fuska ba. Ni kuma na haifa, na san abin da ake nufi." Ta juya za ta tafi, ta waiwayo. "Ka yi ta babba. Idon yaran yanzu waya ta cinye shi."

Ranar da zai zana na je, da yamma, rana ta yi sanyi. An sauke ƙyauren an kafa shi a jikin bango. Na tsaya can nesa na tattare rigata da hannu biyu. Ya yi dabino, ya yi hasumiya, ya yi buhunan wake a jere. Sannan ya sauko kusurwar hagu. Bai yi ta babba ba, faɗin faranti ya yi kamar kullum, sai dai ya daɗe a kanta fiye da yadda na taɓa gani. Ya tsoma tsinken ashana a farin fenti ya ɗiga ɗigon. Ya ja baya ya zauna a kan taya yana kallo.

Na matso kusa da ƙyauren. Na ce, "Bafillace, mu faɗa wa juna gaskiya. Da motoci sun fi a ƙirga ba a dace ba. Yanzu saura ɗaya, ita ma kafin ta je Fatakwal ta dawo Naftun ɗinka ta zagaye rana. Ƙwallo kamar faranti, a ƙasan ƙyaure, cikin laka da hayaƙi, a ƙasar da mutane suka fi tururuwa. Tsakani da Allah, wa zai gan ta? In ma ya gani, fenti ne zai kamo hannunsa ya kawo shi?"

Bai ko dube ni ba. Ya goge tsinken a gefen gwangwani ya ce, "Kai rabin yini ka yi da ita a gindi, duk kasuwa babu wanda bai gani ba. Kuma kafin la'asar ta kawo ka ƙofata da singileti, kai da ba ni na haife ka ba. Matsa daga nan, kana tare mata iska."